Kwatangwalo Biyu daga Kano

Ƙarfe tara da minti ashirin na safe, wata Talata, na durƙusa a ɗakin kakata don in gaishe ta, na kasa tashi. Na riƙe lokacin ne saboda agogon hannuna yana daidai hancina, kuma na daɗe ina kallonsa.

Ku da muke aji ɗaya can Damagaram kun yi ta kirana kuna tambaya: yaya Kano, yaya aikin, da gaske ne ƙarfe aka sa mini? Kun san ni da magana a waya, kafin in haɗa zance ɗaya kun gaji kun kashe. Shi ya sa na ɗauko kayena, wato littafin rubutuna, wanda na riƙa rubuta komai a ciki tun ranar da muka tashi, na ce bari in shirya muku labarin a rubuce, kowa ya karanta, a bar ni in huta.

Sai na fara da kakata, don in ba ku san ta ba, sauran labarin ba zai shige ku ba. Iya muke ce mata, mahaifiyar babana ce. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, in ta miƙe kanta bai wuce kafaɗata ba, amma duk gidanmu na Waca babu mai tari in tana magana. Ita ta raine ni. Da amosanin jini aka haife ni, wanda mutanen Najeriya ke ce wa sikila, kuma duk sanda ciwon ya tashi ita ce mai ɗora ruwa a wuta tana gasa mini gaɓoɓi. Ita ce kuma ta tsaya aka bar ni na ci gaba da lakwal, wato makarantar boko. Ta ce yarinyar da ba ta iya riƙe taɓarya ba, a bar ta ta riƙe bik, wato biro. Sharaɗi guda ta kafa mini: "Ranar da kika gaishe ni a tsaye, ranar na san lakwal ta cinye ki."

Iya ba ta amsa gaisuwar tsaye. Ba ta faɗa, ba ta harara. Bangon da ke bayanka kawai za ta kalla, kamar iska ce ta wuce. Akwai ɗan kawuna da ya dawo daga Yamai ya ce mata ina kwana hannu a aljihu. Shekara biyu ke nan yana durƙusa mata, har yau "uhm" kaɗai yake samu.

To, a gaban wannan matar na maƙale. Mun gama ina kwana, mun gama ina gajiya, mun gama ya mutanen Damagaram, ban tashi ba.

"Ke, me kike so?" in ji Iya. "Wannan dogon durƙuson ba na banza ba ne. In sabulu ne ya ƙare, faɗi."

Na ce, "Iya, ƙafata ce ta ƙi."

Sai da Gwaggo Hurera, ƙanwar babana, ta zo ta ciccibe ni kamar buhu.

Dama na kusa shekara ina ɗingishi ina ɓoyewa. A Damagaram aka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, likita ya ɗaga shi a taga ya nuna wa Baba. Kan ƙashin cinya, inda yake shiga kwatangwalo, ya kamata ya zama sumul kamar ƙwai. Nawa duka biyun sun koma kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Ya ce jini ne ya daina kai musu, sai an cire su an sa na ƙarfe. Yamai ta yi nisa ga wadda ba ta iya dogon zama, Kano kuwa ga ta nan kusa. Aka jira kaka, aka sayar da gyaɗa da bijimai biyu, dangi suka yi abin da dangi ke yi. Gwaggo Hurera ta ce ita za ta raka ni. Na san abin da ke jirana. Gwaggo mai sayar da ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, kuma a wurinta babu baƙo a duniya. Kowa ɗan'uwa ne da bai ji labarin gida ba tukuna.

An ce mota za ta tashi ƙarfe shida. Bakwai saura kwata muka bar Waca. Baba ya kama mini kujerar gaba duka, ta mutum biyu, abin da ya sa fasinjojin baya, su da wata akuya, suka ɗauka 'yar wani babba ce. Kafin mu kai Magarya Gwaggo ta gyara musu fahimta. Ta gaya musu sunana, shekaruna, abin da nake karantawa, ciwona, har da cewa ba na cin miyar kuɓewa. Daga nan kowa a motar ya zama likita. Wata Bafillatana ta ce man shanu da zuma. Direba ya ce kitsen damo. Mai akuyar ya ce duk wannan wahala ce, akwai maɗori a Mallawa wanda ko ƙashi ya zama gari yana haɗa shi. Na rubuta duka a kaye don in sami inda zan sa idona.

A Magarya muka canza mota, muka nufi Tinkim. Iyakar da na saba gani a taswira da jan layi mai kauri, sai na tarar igiya ce aka ɗaura tsakanin ganga biyu. Gonakin gero iri ɗaya, fuskoki iri ɗaya, Hausa iri ɗaya, kakin ma'aikata ne kawai ya canza launi. A ɓangaren Najeriya, a garin Babban Mutum, wani ma'aikaci ya leƙo ya ce mu nuna takardu. Ina laluben katina, Gwaggo ta riga ni. Ta zaro hoton ƙashina daga ambulan, ta fita, ta ɗaga shi sama saitin rana.

"Duba nan, ɗana. Ka ga wannan? Ya kamata ya zama kamar ƙwai."

Masu canji suka matso, masu sayar da rake suka matso, har wani mai kabu-kabu ya kashe mashin ya zo. Ni da ban taɓa yarda ko tsintsiyar hannuna ta fito a aji ba, ranar duk iyaka ta ga ƙasusuwana. Ma'aikacin ya daɗe yana kallo, ya ce Allah Ya sawwaƙe, sannan ya duba katinmu, ya sayo mini rake gaɓa uku ya miƙo ta taga.

Uku da minti goma muka shiga Kano. Ba zan iya kwatanta muku yawan adaidaita sahu ba. Ku ɗauka duk farar da ta taɓa sauka a gonar Baba an yi mata fenti an sa mata hon.

Masaukinmu gidan wata Hajiya Binta ne, kusa da asibitin. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse, sai ta mayar da ɗakunan na 'yan jinya. Akwai mutanen Gumel, akwai na Maraɗi, akwai wasu 'yan Cadi da ba mu jin yaren juna sai da hannu. Tana ganinmu ta ce, "Lale da mutanen Faransa." Haka suke kiran mu 'yan Nijar. Gwaggo ta ce ita ko Tanut ba ta taɓa zuwa ba balle Faransa. Daga ranar suka ƙulla abota irin ta masu jayayya.

A kan abinci suka fi yi. Da safe aka kawo mana shayi a kofi mai girman kwanon sha, fari fat da madara. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Hajiya, wannan kunun wa aka dama wa?" Burodinsu kuma mai laushi ne, mai zaƙi. Ta matsa shi da yatsa, ya lotse ya dawo, ta ce wannan ba burodi ba ne, katifa ce. Hajiya ta ce ai ta ga namu dogon nan na Faransa, wanda in ya kwana ana iya korar kare da shi. Furar da suka sayo mini kuwa inji ne ya dama ta, da ƙanƙara a ciki, babu ko gudaji ɗaya. Gwaggo ta ce furar da ba ta san ludayi ba marainiya ce. Amma na lura gurasarsu, wadda ake yayyafa wa ruwa a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, ba ta taɓa kushe ta ba. Cewa kawai ta yi da ƙulinta aka yi da ta fi haka. Ta kwance tsarabarta ta gwada musu, kuma kafin sati ya zagayo duk gidan ƙulin Waca ake ci.

Wani abu da na rubuta tun kwanakin farko shi ne gaisuwarsu. 'Yan matan unguwar, in sun shigo gaida Hajiya, ɗan rusunawa suke yi, kamar wadda ta yar da allura ta fasa ɗauka. Wasu ma daga bakin ƙofa suke jefo gaisuwar suna tafiya. Hajiya tana amsawa da fara'a. Na rubuta a gefen shafi: da Iya ce, da bangon gidan nan ya sha kallo. Lokacin dariya abin ya ba ni.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, barci na yi. An fara ƙara mini jini, aka yi na dama, bayan kwana goma sha biyu aka yi na hagu. Ciwo akwai shi, amma mai amosanin jini ba baƙuwar ciwo ba ce, kuma wannan ya fi mini wancan mutunci, don kullum raguwa yake yi. Abin da ban zata ba shi ne washegarin aiki za a ce in tashi. Mai koyar da tafiya, Madam Folake, Bayarabiya ce haifaffiyar Kano, Hausarta har ta fi tawa gudu. Ta turo wani ƙarfe mai ƙafa huɗu ta ajiye a gabana.

"Bismillah, 'yar Nijar. Ba kwanciya kika zo saya ba."

Gwaggo tana ganin abin ta ce ai wannan keken koyon tafiya ne na yara, tayoyin kawai aka cire. Ta koma gabana ta buɗe hannuwa tana cewa, "Ta-ta-ta, ta-ta-ta." Duk ɗakin mata aka kwashe da dariya. Taku huɗu na yi ranar. Na rubuta: huɗu, da jiri.

A barandar da muke atisaye na haɗu da Alhaji Ɗanjuma, tsohon direban tirela da aka canza wa kwatangwalo ɗaya. In zai wuce ni da nasa keken sai ya yi hon da baki. "Pim-pim. Malama, a ba babbar mota hanya. Ke taya biyu sababbi, ni ɗaya, amma kin bari ina shan gabanki?" Saboda shi na fara ƙara taku. Ranar da na wuce shi ban iya yin hon ba, kunya ta hana ni. Gwaggo ce ta yi mini.

Madam Folake ta ba ni dokoki huɗu, ta ce in haddace su kamar karatun allo. Kar in zauna a kan abin da bai kai tsayin gwiwata ba. Kar in harɗe ƙafa. Kar in sunkuya in ɗauki abu a ƙasa. Kar in tsuguna, kar in durƙusa. Ta nuna mini da hannu: dunƙulen ƙarfen yana zaune ne a cikin gurbinsa, in na naɗe ƙafa da yawa zai iya fita, in kuwa ya fita sai an sake kwantar da ni.

Na rubuta su a jere. Ina kai wa ta huɗu bik ɗina ya tsaya. Na shiga lissafa gidanmu. Tabarma a ƙasa take. Akushi a ƙasa, murhu a ƙasa, masai a ƙasa. Duk waɗannan ana iya yi musu dabara. Iya ce ban ga dabararta ba.

Kwana uku na yi ina tara ƙarfin halin tambayar babban likita. Da na tambaya, muryata ko Gwaggo ba ta ji ba, sai da na maimaita. "Likita, yaushe zan iya durƙusawa?"

Ya ce, "Bari mu ga wata uku."

"Bayan wata ukun fa?"

"Ki zo mu gani. Amma tsuguno har ƙasa, ni da za ki bi tawa, ki manta da shi."

Na tambayi Madam Folake. Ta ce su ma a wurinsu mace da gwiwa biyu take gaida manya, surukarta ba ta ɗaukar wasa. Na ji daɗi, na ce to yaya take yi? Ta ce, "Ni ƙafata lafiya lau, durƙusawa nake yi." Akwai wani malami da ke zagaya ɗakunan majinyata ranar Juma'a, shi ma na tambaye shi. Ya ce salla a kan kujera ta halatta gare ni, ya nuna mini yadda zan yi ruku'u da sujada da ishara. Da na kawo maganar gaisuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan ba ta cikin littattafaina. Sai ki tambayi mai gaisuwar."

Da ya fita Gwaggo ta ce, "Kin ji, Ubangiji Ya yi miki rangwame. Iya kuwa, ni ta haifa, har na yi furfura ban ga rangwamenta ba. Kuma kar ki kalle ni, ba ni zan gaya mata ba." Na kira Baba a waya. Ya ce Allah Ya kai mu lokacin.

Sati shida muka yi. Ranar komawa kayanmu sun ƙaru da sanduna biyu na dogarawa, matasan kai uku, da wata doguwar kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya da murfi, wadda ake ɗorawa a kan masai. Na roƙi Gwaggo ta naɗe ta a zane. Ta naɗe, aka ɗaure a saman mota, iska ta kwance zanen tun kafin mu fita gari. Hajiya Binta ta rako mu tasha tana share ido, ta cusa wa Gwaggo katifar burodi guda biyu.

An ce duk awa ɗaya in sauka in taka. Direba ya fara gunaguni a tsayawar farko. A ta biyu fasinjoji suka sauko suna ƙirga mini taku da baki ɗaya. A ta uku, bayan Babura, shi da kansa ya duba agogo ya ce, "Malama, lokacin atisaye ya yi."

A iyaka, ɓangarenmu, wani ɗan duwan, wato kwastan, ya zagaya motar ya tsaya yana kallon kujerar. Ya ce, "Hajiya, me kuka sayo a Kano?"

Gwaggo ta ce, "Kwatangwalo biyu, na ƙarfe, sababbi fil. Suna jikinta. In akwai abin biya sai ka ciro ka auna."

Ya yi dariya har ya dafa mota. Sannan ya sa aka sauko da kujerar, ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya mayar a hankali ya rufe. Bai sake tambayar komai ba. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska har Magarya.

A gida Baba ya riga ya ɗora gadona a kan tubali bibbiyu, ya sa kafinta ya ƙara wa wata kujera ƙafa. Muka ɗaura soso a bakin muciya don wanke ƙafa in zan yi alwala. Abinci a kan turmi ake ajiye mini. Mata 'yan dubiya suka yi ta zuwa, su zauna a tabarma, ni ina can sama ina kallon tsakar kawunansu, ban san inda zan sa kaina ba.

Tun ranar farko na gano wata kafa. A wurinmu majinyacin da ke kwance ba ya gaisuwa, gaishe shi ake yi. Da muka iso an kwantar da ni don gajiyar hanya, Iya ta shigo da sandarta, ta shafa goshina ta ce, "Sannu, 'yar lakwal." Na ce yauwa, Iya. Shi ke nan, babu durƙuso, babu kallon bango. Na ce a raina, ashe ga magani.

Daga ranar, da na ji ƙarar sandarta da hantsi sai in miƙe a gado in ja bargo. Tafiya kuwa sai bayan azahar, in ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, in lallaɓa bayan rumbu in yi 'yan takuna. A Kano na kai taku ɗari uku a yini. A gida na dawo tamanin, wata rana sittin. Cinyoyina suka fara sandarewa, ƙafar hagu ta kumbura. Na san ba daidai nake yi ba, tunda ni ke rubuta lambobin da hannuna. Mahaifiyata ta sani, amma ba ta iya ɗaga ido a gaban surukarta. Gwaggo ta sani, kuma karo na farko a rayuwarta ta riƙe sirri, har ramewa ta yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne abin da Iya ke gani. Ina jin ta tana gaya wa 'yan dubiya, "An kai mini yarinya da ƙafarta tana ɗingishi, an dawo mini da ita a kwance. Wannan shi ne aikin Kano." In ta zauna kusa da ni sai ta riƙa murza mini yatsun ƙafa kamar yadda take yi ina ƙarama. Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka.

Rana ta goma sha biyu ranar kasuwa ce, Baba ya fita tun da sassafe. Goma da minti biyar na ji sallamar namiji a tsakar gida, na ji sandar Iya, na ja bargo. Sai ga ta ta shigo da wani dattijo mai faffaɗan hannu, riƙe da damin karan dawa da aka fere, da igiyar rama, da ɗan kwanon man shanu.

"Ga Malam Sale, maɗorin Mallawa," in ji Iya. "Ni na aika masa. Na bari sai ubanki ya fita, don ba na son gardama. Malam, ga ta nan. Likitocin birni sun gama nasu."

Malam Sale ya ajiye kayansa, ya naɗe hannun riga. Mutum ne mai natsuwa. Ya ce, "Kar ki ji tsoro, 'yata. Ƙafar da ta daɗe a miƙe sai an tuna mata hanya. Za mu naɗe ta a hankali har gwiwa ta taɓa ƙirji, sannan mu ɗaure. Hurera, zo ki riƙe mini kafaɗunta."

Gwaggo tana bakin ƙofa. Ta buɗe baki, ta kalli Iya, ta rufe. Ban taɓa ganin magana ta ƙare mata ba sai ranar.

Gwiwa ta taɓa ƙirji. Duk dokokin Madam Folake huɗu a dunƙule ke nan. Malam ya kai hannu zai ɗaga bargon.

Na ce, "Malam, dakata."

Na zuro ƙafafuna ƙasa yadda aka koya mini, biyun tare. Na jawo sandunana daga bayan gado inda nake ɓoye su. Na miƙe. Na bi ta gaban Iya na fita tsakar gida, na taka har bakin rumbu, na juyo, na dawo tsakiya na tsaya. Taku arba'in da biyu. Ko a wannan halin sai da na ƙirga.

Duk suka fito. Malam Sale ya ce, "Iya, wannan ai ta fi ni tafiya. Me aka sa mata?" Gwaggo, da bakinta ya dawo, ta ce ƙarfe ne, ta zayyana masa komai tun daga ƙwai har zuwa gurbi. Ya saurara har ƙarshe, ya tattara karansa ya ce, "Ni ƙashi na gada. Ƙarfe sai maƙeri." Aka kai shi zaure aka ba shi fura.

Iya ba ta bi su ba. Tana tsaye, ta dogara sandarta, tana kallon ƙafafuna.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun Kano, Iya."

"Kwana goma sha ɗaya ina murza ƙafar da ke yawo bayan rumbu?"

Na sunkuyar da kai, shi kaɗai ne abin da aka bar mini in sunkuyar. Na ce, "An hana ni durƙuso, Iya. In na durƙusa ƙarfen zai fita. Likita ya ce wata uku, ya kuma ce wataƙila har abada. Na tambayi likita, na tambayi malam, na tambayi Baba, kowa ya turo ni wurinki. Ni kuma na ji tsoro in gaishe ki a tsaye ki kalli bango." Tunda na fara sai na ƙarasa. "In ban sake durƙusawa ba, za ki amsa mini?"

Ta ɗaga kai ta dube ni, don a tsaye sai ta ɗaga kai take ganin fuskata. Sannan ta kawar da ido. Na ce shi ke nan, bango za ta kalla. Amma ba bango take kallo ba. Amalanken shanun Baba take kallo, wanda aka tokare da gwafa a gefen rumbu, an jibga masa dammunan harawa.

"Hurera, kife mini turmin can a gindin amalanke."

"Iya, me za ki yi?"

"Kife, na ce. Kawo hannunki."

Ta jingine sandarta. Ta taka turmi, Gwaggo na riƙe da ita tana salati. Ta hau amalanke, ta rarrafa kan harawa, ta juyo ta zauna a kan damin da ya fi tsayi. Ta gyara zanenta, ta gyara kallabi, ta kakkaɓe ganyen wake daga cinyarta. Mahaifiyata ta leƙo daga madafa ta koma da sauri, na ji tana danne dariya da tari. Na matsa da sandunana har gindin amalanken. Karo na farko tun ina 'yar shekara goma sha biyu, ina tsaye sai da na ɗaga kai sannan na ga fuskar Iya.

Na ce, "Iya, ina kwana."

Ta ce, "Lafiya lau, 'yar lakwal. Ni ban taɓa cewa ƙasa nake so gwiwarki ta gaisar ba. Ke ba ki iya saukowa, ni ina iya hawa. Yi sauri ki ƙarasa da ina gajiya, kafin in faɗo a kai ni Kano."